Kada Ku Dangwala Yatsa Sai An Karanta Muku

Muna jan kunnen 'yan'uwanmu na Batsari da Safana game da wata takarda. 'Yan kasuwa su yi karo-karo, su kira ɗan kwangila ya ja musu bututu ya kafa famfo. Kafin ya ɗauki shebur sai ya zaro takarda da Turanci, wai a sa hannu. Abin da ke ciki kuwa, in bututu ya fashe, ruwa ya ci ginin rumfa ko ya jiƙa buhunan gero, shi ba ruwansa.

To, jama'a, in ba ruwansa, ruwan wa? Shi ya zaɓo bututun, shi ya binne shi, mu kuɗi kawai muka ba da.

Cikin dokokin Arewa na 1963 akwai wadda ta ce wanda ya rubuta wa marar karatu takarda sai ya sa sunansa, a kuma karanta masa ita kafin ya dangwala. Saboda haka a fassara muku da Hausa gaban shaidu. Inda aka ce ba ruwansa, a soke. Gwamnati ma takan riƙe wani abu daga kuɗin kwangila sai ta ga ƙarkon aiki. Ku ma ku riƙe naku har damina ta wuce.