Maigida da Bakinsa: Ƙorafi Kan Fastocin Bincikenmu

Makon jiya wani ɗalibi ya same ni a Kakaveli da fastar da zai kai taron ƙara wa juna sani. Bincikensa a kan Hausar fataken Zangon Lome ne, kuma ya yi aiki, domin wata uku ya kwashe yana zama da dillalan shanu yana naɗar maganarsu. Amma kanun da ya buga ɓaro-ɓaro a saman takardar cewa yake: "Maigida da Bakinsa". Na tambaye shi ko leɓe da haƙoran maigidan ya nazarta. Ya yi dariya, ya ce ai kowa ya san baƙi yake nufi, na'urar mai shagon ce ta ƙi fitar da ƙugiya, shi ya sa ya cire su gaba ɗaya.

Na gaji da jin wannan uzuri. Yar da ƙugiya laifi ne a kowane rubutun Hausa, amma a binciken zango ɓarna ce. Masana sun daɗe da bayyana cewa a Hausar zangunan Gana masu magana da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Lome kuwa manne take da iyakar Gana. To idan mai karatu ya ga "baki" a fastar nan, yaya zai gane ko haka dillalin ya furta, ko kuwa injin bugawa ne ya furta masa? Ainihin tambayar da malamin karin harshe zai tsaya ya yi ke nan, ga shi ɗalibin ya goge amsarta da hannunsa. Maganin kuma bai kai aikin minti goma ba: a sauke haruffan Charis SIL ko Gentium, waɗanda kyauta ne, a adana aikin a PDF kafin a kai shago, a sa a buga gwaji a ƙaramar takarda a duba. In batun ya shafi karin sauti da tsawon wasali, a nuna su a kan misalan.

Sai cunkoso. Takardar A0 faɗinta santimita 84.1, tsawonta 118.9, wato murabba'in mita guda. Da ɗalibi ya ga wannan fili sai ya juye kundinsa a ciki: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, ra'i, har da godiya ga iyaye. Ya manta cewa mai karanta fasta a tsaye yake, daga nesa, ga wasu fastoci suna jiran sa. Ɗalibin nawa ya ba da kusan sulusin takardarsa ga labarin rushe tsohon Zango a 1977 da mayar da mutanensa Togblekope, da kuma taƙaita littafin da Michel Agier ya fitar a 1983 kan fataken unguwar. Duk gaskiya ne, amma layi biyu da ƙaramar taswira sun isa. Abin da shi kaɗai ya mallaka, wato jimlolin da ya ji da kunnensa, inda kalmomin Faransanci da na Ewe ke kutsowa tsakiyar cinikin sa, ya tura su can kusurwar ƙasa da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Su ya kamata su zauna a tsakiya, guda biyar ko shida, manya, kowace da fassararta a ƙarƙashi.

Na san abin da za a ce: fasta mai ƙarancin rubutu sai a ɗauka mai ita bai yi karatu ba. Wannan tsoro mu malamai muka dasa shi, mu da muke auna kundi da nauyinsa a hannu. Amma ilimin da ya rage ai bai ɓata ba, yana bakin ɗalibin, kuma don shi ne aka ce ya tsaya a gefen fastarsa. Abin takaici, da yawa sukan juya wa mutane ƙeya su riƙa karanto abin da suka liƙa, kamar mai biya allo.

Ba na jayayya da rubuta fastar da Faransanci, tun da shi ne harshen hukuma a Togo. Sharaɗina ɗaya ne: ku iya faɗin abin da kuka gano da Hausa, cikin minti biyu, ba tare da kun waiwayi takardar ba. Na ce wa ɗalibin ya gyara kanunsa, ya rage rubutun da rabi, sannan kafin ya biya kuɗin babban bugu ya ɗauki ƙaramin kwafi ya koma wurin maigidan da ya sauke shi, ya yi masa bayani a gaban baƙinsa. Jiya ya aiko mini cewa tsohon ya gyara masa fassarar jimla biyu daga cikin shida.