Sharhi: Hannun Jari Ya Fi Bashi Dacewa Da Sababbin Kamfanonin Jalingo

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zauna a matsayin garin ma'aikatan gwamnati, inda kasuwa ke jiran albashi kafin ta motsa. Jami'ar jihar, wadda aka kafa a 2008, tana yaye ɗalibai fiye da yadda ofisoshi za su iya ɗauka, alhali shinkafa da riɗi da doya suna fita daga jihar ba tare da an sarrafa mafi yawansu ba. Matashin da ya yi niyyar kafa kamfanin sarrafa su, jari ne ke fara tare masa hanya.

Bashin banki bai dace da irin wannan kamfani ba. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma banki yana neman jingina da biya a kan lokaci, ko an ci riba ko an faɗi. Mai zuba hannun jari kuwa ba ya bin bashi. Yanki yake saye na kamfanin, ya ci riba idan an samu, ya ɗauki asara idan ta zo.

Sai dai wajibi ne a fahimci lissafin tun kafin a sa hannu. Alal misali, idan aka yi wa kamfanin casar shinkafa kima ta Naira miliyan 40, wani ya zuba miliyan 10, kimarsa ta koma miliyan 50, rabon mai zubawa kuwa kashi 20 ne cikin ɗari. Idan daga baya aka fitar da sababbin hannayen jari har kashi 25 ga wani, kashi 80 na mai kamfani zai sauko zuwa 60. Wannan raguwa ce ke tsorata mutane, har su ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma kashi 60 na masana'anta mai aiki ya fi mallakar injin da ya tsaya saboda rashin kuɗin sayen shanshera.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin ƙiradi, wato wani ya kawo dukiya, wani ya juya ta, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Kazalika attajiran Kano, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, sun bunƙasa ne ta hanyar bai wa yaransu jari su shiga fatauci. Abin da zamani ya ƙara shi ne rajista da rubutu da binciken littattafan kuɗi.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta amince mutum ɗaya ya yi wa ƙaramin kamfani rajista, kuma dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2022 ta tanadi asusun jarin farko. Amma har yanzu Legas ce ke kwashe kaso mafi tsoka. A can ne aka kafa Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200, waɗanda suka zuba jari tun farko suka fita da riba mai yawa.

Ko shakka babu akwai haɗari. Yawancin sababbin kamfanoni kan durƙushe, kuma mai ƙaramin kaso yana iya wayar gari ba shi da ta cewa. Maganin haka shi ne a rubuta komai a gaban lauya: wane ne ke da ƙuri'a, yaushe za a raba riba, kuma ta yaya mai son fita zai sayar da rabonsa.

Saboda haka ya kamata attajiran Jalingo su karkatar da wani abu daga gina otal da gidajen haya zuwa kamfanonin matasa. Ita kuma gwamnatin jiha tana iya nuna misali da kamfanin shayi na Kakara a tsaunin Mambila, ta sayar wa 'yan jiha wani kaso a fili, tare da buga lissafinsa kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.