Maginan Da Ke Cikin Ƙashi

Jama'ar Zango, daga Zongo Lane har Nima da Mamobi, babu gidan da bai san karaya ba, musamman tun da okada ta yawaita a titunan Akra. Da an ce wani ya karye, sai a ce a kira maɗori. Muna girmama wannan sana'a ta gado, amma maɗori daidaitawa yake yi. Masu haɗa ƙashin suna cikin jiki.

Allah Ya sanya wasu ƙwayoyin halitta a cikin ɓargo da tantanin da ya lulluɓe ƙashi. Idan ƙashi ya karye, jini yakan daskare a wurin, sai ƙwayoyin su farka su yi ta rarrabuwa, su fara ɗinke giɓin da guringuntsi mai taushi. Waɗanda suka balaga sukan zama magina. Su ne ke shimfiɗa zaren kolajin, kamar yadda maginin Kano ke cuɗa ciyawa a cikin laka, sannan gishirin kalshiyam da fosfat ya zauna a kan zaren ya taurare. Wasu maginan, ginin da suka yi yakan rufe su. A nan sukan zama masu gadi, suna jin nauyin da ƙashi ke ɗauka, suna aika saƙon inda za a ƙara da inda za a rage. Akwai kuma masu rusau, masu kankare abin da ya yi yawa. A babban mutum, taurarewar takan ci mako 6 zuwa 12.

Magina ba su da ido. Yadda aka ajiye ƙashi haka za su gina shi, ko a miƙe ko a karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ra'ayinmu shi ne a fara ɗaukar hoton ƙashi, a asibitin Mamobi ko 37 ko Korle Bu, kafin kowa ya taɓa. Jini ne kuma ke kai musu abinci. Idan aka matse karan ɗori har yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi, a kwance nan take a nufi asibiti, domin ta haka gaɓa ke ruɓewa har a yanke ta. Karayar da ƙashi ya huda fata, aikin likita ce tun daga farko.

Ba a gini babu kayan aiki. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalshiyam a abinci na lanƙwasa ƙafafun yara, duk da rana mai yawa. Nono, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, da miyar kuka, duk muna da su a kasuwar Nima. Taba kuwa tana jinkirta ɗori.

Muna roƙon sarakunan Zango da limamai su zaunar da maɗoranmu da likitoci a tabarma ɗaya, a yi yarjejeniya kan karayar da za a riƙe a gida da wadda za a tura asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.