Kada mu kori yaro daga rumfar mai faci

Makon jiya na ba ƴan ajina na CM2 wani lissafi. Na ce a kan taswira santimita 1 tana matsayin kilomita 10, to tafiyar kilomita 150 santimita nawa za ta ci a takarda? Aji ya yi tsit. Wanda ya fara ɗaga hannu yaron nan ne da kullum ake ƙarar sa wai ba shi da aiki sai yawon tsintar waya yana ƙera mota. Ya ce 15. Na ce yaya ka yi? Ya ce: "Mushe, ai kamar mota ce. In ka rage tsawonta, dole ka rage tayarta daidai da haka, in ba haka ba ta zama abin dariya."

Maganarsa ta mayar da ni shekarun 1980, muna yara a Zabori. Da an gama girbi, karan dawa da na gero sun zama namu. Mu ɓare bayan kara mu yi tsinke, totuwar ta zama gangar jiki, sakaina ko tsohon takalmin soso ya zama taya. Wanda ya ƙware sai ya koma waya da gwangwanin madara da robar cikin tayar keke. Kantinmu kuwa rumfar wani dattijo ce mai facin keke a bakin kasuwa. Ba ya karɓar ko dala. Ka riƙe masa taya, ko ka ɗebo masa ruwan da yake neman huji a ciki, shi kuma ya ba ka karyayyen sifok da guntun roba.

A bakinsa muka fara jin labarin jirgin ƙasa. Ya yi cin rani a Paraku, inda layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936, daga nan sai a juye kaya cikin manyan motoci su biyo ta Malanbil da Gaya zuwa Dosso da Yamai. Ya zana mana kan jirgi da taragu a ƙasa da yatsa. Muka jera gwangwanayen kifi guda bakwai muka ɗaure da waya, muka shimfiɗa sillen kara biyu a matsayin layi. Jirgin ya ƙi tafiya. Sai ya ce: "Ƴaƴana, ku auna tsakanin karan nan. Nan faɗin yatsa uku, can huɗu, ta ina zai bi?" Ranar na fara sanin amfanin awo, tun kafin wani malami ya rubuta mini shi a allo.

Sai da na shiga makarantar horon malamai ta Dosso na gani a wata tsohuwar mujallar Faransanci cewa a Turai da Amurka wannan wasa yana da kantunansa. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus da Hornby na Ingila suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, da tashoshi da gadoji da itatuwa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage komai sau 87: tarago mai tsawon mita 20 ya dawo kamar santimita 23. Uba kan riƙo hannun ɗansa zuwa irin kantin nan, mai kanti ya nuna masu yadda ake haɗa layi da yadda ake gyaran inji. Yau da yawa daga cikin kantunan sun rufe, ciniki ya koma intanet, tsofaffinsu suna ta begen su. Na fahimci begen nasu, domin abin da suka rasa shi ne babban da ke zaune yana jiran yaro ya zo da tambaya. Mu ma shi muke rasawa.

Yau uba ya je kasuwar Gaya ko Kamba ya sayo motar roba, kwana uku ta karye, a jefar. Yaro bai san yadda aka haɗa ta ba, balle ya gyara. In ya gaji a miƙa masa wayar salula. In kuwa aka gan shi rumfar mai faci ko wurin maƙerin gwangwani, sai a kore shi da tsawa, wai zai lalace.

Na san hujjar iyaye, kuma ban raina ta ba. Gwangwani mai tsatsa yana yanka, bola tana da ƙazanta, kuma akwai yaron da wasa ke hana shi bitar karatu. Maganin haka shi ne babba ya tsaya a kai, a wanke gwangwani, a lanƙwashe bakinsa, a sa wa wasa lokaci. Hani gaba ɗaya asara ce, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma haka.

Ƴan uwana malamai, a jadawalinmu akwai lokacin APP, na ayyukan hannu da sana'a. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa shara da ɗibar ruwa muke mayar da shi. Me zai hana bayan girbi kowane yaro ya zo da damin kara, a raba su rukuni-rukuni, maza da mata, a ce su ƙera motar kasuwa a rage ta sau 20, su auna da rula su rubuta a kaye? A nan za su haɗu da rabawa da ninkawa da da'ira, ba tare da makaranta ta kashe ko sisi ba. A gayyato mai faci ko maƙerin gari ya duba aikin, ya ga cewa ana girmama saninsa.

An shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2016, amma har yau bai iso Gaya ba, kuma ba ya jigilar kowa. Can gabas ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Ko ba daɗe ko ba jima jirgi zai ratsa ƙasar nan, kuma zai buƙaci masu awo da masu walda da masu gyara. Ina fata a same su cikin ƴaƴanmu.

Shi kuwa yaron nan na ce ya zo da motarsa aji ranar Litinin. Da ita za mu buɗe darasin ma'auni. Iyaye, in kun ga ɗanku durƙushe yana lanƙwasa waya, ku tambaye shi me yake ƙerawa kafin ku aike shi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.