Tanadin Gida Ba Rashin Tawakkali Ba Ne

Ya ku jama'ar Katsina, na ji waɗansu suna cewa wai mai ajiye abinci don tsoron annoba imaninsa ya raunana. Wannan magana kuskure ce. Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya tara hatsi shekara 7, kuma ya inganta Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Ku tuna Afrilun 2020, gab da azumi, da Gwamna Masari ya kulle birnin nan saboda korona. Mu mutanen birni ba mu da rumbu, awon yau shi muke ci yau. Ni kaina kwana uku gerona ya ƙare, ga almajirai cike da zaure, gidajen da suke bara duk a rufe. Wallahi na ji kunya.

To, da kaka, sa'ad da tiya take araha, a sayi gero da wake gwargwadon hali, ko na mako biyu. A haɗa da kuka, daddawa, gishiri, gawayi da sabulu. Mai hawan jini ya ajiye maganin wata guda. Randa kuwa kada ta kwana ba ruwa, don ranar kulle har ɗan garuwa yana gida.

Haza wassalam.