Matatar Iskar Cikin Mota: Gyaran da Ya Kamata a Yi a Gida

Da zarar hunturu ya kama, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, masu zuwa asibiti da tari, atishawa, ƙaiƙayin ido da tashin asma sukan ƙaru. Shawarar da ake ba su sananniya ce: a rufe hanci idan hazo ya sauka, a yayyafa ruwa kafin shara, kada mai asma ya rabu da maganinsa na shaƙa. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wuri guda da ba a cika ambatawa ba, alhali wasu na shafe awa biyu ko uku a cikinsa kullum, direbobi kuwa wuni guda. Wannan wuri shi ne cikin mota.

Yawancin motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 zuwa yau suna da wata 'yar matata, wadda makanikai ke kira filtar esi. Faɗinta bai wuce na littafin rubutun 'yan makaranta ba, an yi ta da wani abu mai kama da takarda, an nannaɗe shi lanƙwasa-lanƙwasa. Duk iskar da fanka ke hurowa fuskar direba da fasinja ta cikinta take bi. Kada a haɗa ta da filtar inji, wadda ake dubawa lokacin juyen mai. Waccan inji take karewa, wannan kuwa huhun mutum. Abin mamaki, maigida zai iya gaya maka ranar da aka canja ta inji, amma ka tambaye shi ta cikin mota sai ya ce bai ma san da ita ba.

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ke da mota, musamman idan akwai mai asma, tsoho mai ciwon zuciya ko ƙananan yara, ya kamata a ɗauki canjin wannan matata a matsayin aikin kiwon lafiya, kamar wanke randa ko ɗaura gidan sauro. Kuma a yi shi a gida.

Mai karatu zai ce, ƙura ai da ita muka tashi. Gaskiya ne, to amma ƙura iri-iri ce. Hazon hunturu, wanda iska ke kwaso da yawansa daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, yana ɗauke da ɓurɓushi masu ƙanƙanta ƙwarai. Wasu ba su kai kashi ɗaya cikin ashirin na kaurin gashin kai ba. Gashin hanci da majina suna tare manyan, ƙananan kuwa sukan wuce har can cikin huhu. Ƙara da hayaƙin salansar manyan motoci, da na a-daidaita-sahu, da na bolar da ake ƙonawa a bakin titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019, mafi yawa ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. Wanda ke tsaye cikin cunkoso, hancin motarsa a gindin salansar tirela, yana shaƙar kaso mai tsoka na wannan.

Matatar da ta toshe ba ta ɓoye kanta. Za ka kunna fanka har ƙarshe, ƙara ta yi yawa amma iska kaɗan ke fitowa. Wani lokaci a ji warin rima da zarar an kunna esi, saboda danshin damina ya haɗu da dattin da ya taru, fumfuna ta tsiro. Mai asma ko mai yawan atishawa shi ne yakan fara sanin haka kafin kowa.

Me ya sa na nace a kan gida? Ba don makanikai ba su iya ba ne. Dalili shi ne, abin da ake yawan yi wa wannan matata a gareji ba gyara ba ne. Wani zai ciro ta ya kaɗe a jikin taya, ko ya kai wa mai faci ya busa mata iska mai ƙarfi, ya mayar. A ido ta yi fes, amma iskar ta buɗe ƙananan ramukan da ke tare ƙura, ta zama rariya mai manyan ƙofofi. Wani kuma, da ka yi ƙorafin esi ba ya hurowa, sai ya cire ta gaba ɗaya ya jefar. Iska ta dawo da ƙarfi, kai ka ji daɗi ka biya, ba ka san daga ranar ƙurar titi kai-tsaye take shigowa ba. Haka kuma motocin hannu da ake shigowa da su, ba wanda zai ba ka tabbacin yaushe aka canja tasu. Idan ka buɗe da kanka, ka ga abin da ke ciki da idonka.

Aikin ba shi da wuya. A motoci irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord na shekarar 2003 zuwa sama, matatar tana bayan aljihun nan na gaban fasinja, inda ake ajiye takardun mota. A kashe mota, a kwashe kayan aljihun, a zare ɗan sandan da ke riƙe da shi a gefe idan akwai, a matse gefensa biyu sai ya sauko. Za a ga wani siririn murfin roba. A ɓalle shi, a jawo matatar a hankali kamar ana jawo tire, kada dattin ya zube cikin fanka. A Peugeot 406 kuwa sai an buɗe bonet, tana ƙarƙashin gilashin gaba. Tsofaffin motoci irin su 504 ba su da ita sam. Littafin motar yana nuna wurin.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen kibiya. Wasu matatun kibiyarsu tana nuna sama ne, wasu kuma tana nuna inda iska ke bi, wanda a motoci da dama ƙasa ne. Mafi sauƙi, a ɗauki hoton tsohuwar da waya kafin a ciro ta, sannan a karanta abin da aka rubuta kusa da kibiyar sabuwar. A kuma tafi kasuwa da tsohuwar a cikin leda, domin wadda ta gaza girma iska za ta riƙa bi ta gefenta. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa.

Mai asma kada ya yi wannan aiki da kansa, ya sa wani. Wanda zai yi ya sa takunkumi, a buɗe ƙofofin mota, a fili. Idan aka tarar da kashin ɓera ko sheƙarsa, domin ɓeraye na son wannan lungu a motar da ta daɗe a ajiye, kada a kaɗe ko a busa. A sa safar hannu, a jiƙa wurin da ruwan bilic, a goge, a wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma da rani ya fi tashi.

Kamfanonin mota sukan ce a canja bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko shekara guda, tare da gargaɗin a gaggauta a wuri mai ƙura. To mu ai wuri mai ƙura muke. A ganina a duba ta a farkon hunturu, a sake dubawa idan hazo ya ɗauke.

Akwai hujjar da na san za a kawo, kuma mai ƙarfi ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun daina kunna esi, gilashi a sauke suke tafiya. Wanda gilashinsa ke sauke, matata ba ta yi masa komai. Amma fanka daban, esi daban. Da sanyin safiyar hunturu, lokacin kai yara makaranta, ana iya ɗaga gilashi a kunna fanka kaɗai, iska ta bi ta matata, man da za ta ci bai taka kara ya karya ba. A cikin cunkoso a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya. Sai dai kada a bar shi haka a doguwar tafiya da mota cike da mutane, domin iskar da ake fitarwa tana taruwa ta sa direba gyangyaɗi.

Matata kuma tana da iyaka. Ko mai gawayi a ciki, wadda ke rage wari, ba ta tare iskar gubar nan ta salansa marar wari da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Idan ana jin ciwon kai ko jiri a cikin mota, a sauke gilashi nan take, a kai a duba salansa. Sannan sabuwar matata ba ta maye gurbin magani. Yaron da tari ke tashe shi da dare, ko yake shaƙar maganin gaggawa fiye da sau biyu a mako, a kawo shi asibiti a sake duba maganinsa.