A koya wa yaran Panteka lissafin noti

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da karyayyen ƙarfe a hannu ya san irin baiwar da Allah ya zuba a wurin. Ka kawo sandar injin niƙa da ta tsinke, ko boltin tarakta wanda kamfanin da ya ƙera shi ma ya daina yi, kafin la'asar an sassaƙa maka sabo. Mu da muke riƙe da injin casar shinkafa da na ban-ruwa, ba don waɗannan bayin Allah ba da tuni mun kulle. Ina girmama su, kuma girmamawar ce ta sa nake da ƙorafi guda a kansu: ana koya wa yaron da ke gaban injin sassaƙar ƙarfe aiki da hannu da ido, ba a koya masa lissafi, alhali lissafin da yanka zare da fitar da kan noti suke bukata bai cika shafi ɗaya ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A kan zaren bolti kuwa kimar ido ba ta wadatarwa. Ɗauki bolti biyu. Ɗaya na milimita ne, wanda ake rubuta wa M10: kaurinsa milimita 10, tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.5. Ɗayan na inci ne irin na Amurka, 3/8, mai haƙori 16 a kowane inci: kaurinsa milimita 9.5, tazararsa kusan milimita 1.59. Ajiye su a tafin hannu, ko oga mai furfura sai ya rantse tagwaye ne. Na incin zai shiga notin M10 salin-alin, juyi biyu, juyi uku. Amma kowane juyi yana tara saɓanin kusan milimita 0.09, kafin juyi shida saɓanin ya haura rabin milimita, sai ya cije. A nan ne yaro yake ɗauko sifana ya zura mata bututu ya danna da ƙarfin ƙirji, ya ce wa mai kaya, "Alhaji, ya ɗauru tam." Haƙoran ne suka tattaune juna. Ranar da injin ya yi zafi ya kama girgiza, notin zai faɗi a cikin gona.

Wannan ruɗani ba mu muka ƙirƙiro shi ba, gado ne. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila zare mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo wa Amurka nasa mai digiri 60. A yaƙin duniya na biyu kayan gyaran Amurka suka riƙa ƙin shiga injinan Ingila, har sai da ƙasashen biyu da Kanada suka amince da zare guda a 1949. Daga baya zaren milimita mai digiri 60 ya mamaye duniya. Duka ukun suna nan a rumfa ɗaya a ƙasarmu: tsohuwar Bedford da kayan famfo masu zaren Whitworth, janareton Amurka mai inci, Peugeot da Toyota masu milimita. Makanikinmu yana fama da abin da manyan ƙasashe suka zauna taro kafin su warware, kuma ba a ba shi ko takarda guda ba.

Har yadda muke sayen noti ma akwai gyara. Mutum zai tsaya gaban teburi ya ce, "Ba ni noti sha bakwai." Lambar sifana ya faɗa, bai faɗi zaren ba. Sifana 17 tana kama kan M10 na motocin Turai, tana kuma kama kan M12 na motocin Japan, domin Japanawa suna ƙaranta kan boltinsu: M10 ɗinsu sifana 14 ce, kuma sau da yawa tazararsa 1.25 ce, ba 1.5 ba. Abu biyu ne sunan bolti, kauri da tazara. Wanda bai faɗi su ba bai faɗi abin da yake nema ba.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Ranar 10 ga Yuni, 1990, jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham zai je Malaga a ƙasar Sifen. Yana sama gilashin gaba ya fice, iska ta fizgi matuƙin, Tim Lancaster, ta fitar da rabin jikinsa waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka bincika, cikin bolti 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun gaza kaurin da ake bukata da milimita 0.66 kacal, sauran shida kuma sun yi gajarta. Ƙwararren injiniya ne ya ɗaure su, cikin dare, ya kuma zaɓe su ta hanyar gwada sabo da tsoho da ido. Idan ido ya yaudari wannan, ina ga yaro ɗan shekara goma sha biyar a rumfar da babu isasshen haske?

To mene ne lissafin? Na farko shi ne na huda. Idan za ka yanka zare a cikin rami, ka cire tazara daga kauri, abin da ya rage shi ne bakin da za ka huda da shi. M10 mai tazara 1.5, bakin 8.5. M6 mai tazara 1, bakin 5. M8 mai 1.25 ya ba da 6.75, sai a ɗauki 6.8. Na sha tsayawa ina kallon yaro yana laluben gwangwanin bakunan huda, bai samu 8.5 ba, ya ɗauki 9 domin ya fi sauƙin juyawa. Da 8.5 haƙorin zai fito da kusan kashi 77 cikin 100 na cikarsa. Da 9 kuwa kusan rabi ne kawai, kuma shi ne zaren da yake sulewa a ɗauri na uku. In ya ɗauki 8, ƙarfen yankan ya karye a cikin ramin, aikin awa guda ya koma na yini. Idan kuma a kan injin za a yanka zaren waje, zurfin haƙori shi ne tazara sau 0.613: ga tazara 1.5, kusan milimita 0.92. Wanda ya san wannan yana kallon lambobin da ke jikin hannun injin, ya san inda zai tsaya. Wanda bai sani ba sai ya yi ta tsayar da injin yana gwada noti, har ya zarce.

Na biyu shi ne na kan noti mai fuska shida, kuma shi ya fi ba ni takaici, domin a nan ake asarar ƙarfe. An kawo aikin noti na sifana 24. Yaro ya duba tarin rodi, ya ga mai kauri 25, ya ce ai 25 ya fi 24, ya yanka. Bayan ya gama fitar da fuskokin sai ka ga babu kusurwa ko ɗaya, kan ya fito kusan a mulmule, sifana tana zamewa tana fasa wa mutum yatsu. Dalili shi ne 24 ɗin awo ne daga fuska zuwa fuska, amma daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi haka tsawo. Ka ninka lambar sifana sau 1.155: 24 ta ba da 27.7, ke nan rodi 28 ake bukata. Sifana 17 ta ba da 19.6, rodi 20. Sifana 19 ta ba da 21.9, rodi 22. Abin da za ka cire a kowace fuska kuma rabin bambancin ne: daga 28 zuwa 24, milimita 2 a kowane gefe. Idan rumfar tana da na'urar raba da'ira irin wadda juyi 40 na hannunta ke kewaya aiki sau ɗaya, ka raba 40 gida shida, juyi shida da biyu bisa uku, wato juyi shida da rami 12 a layin da ke da rami 18.

Wannan 1.155 ba daga sama ta faɗo ba. Ɗaya ce aka raba da 0.866, lambar nan da kowane ɗalibin sakandare yake haddacewa a darasin kusurwar digiri 30 domin WAEC da NECO. Ɗalibin ya san lambar, bai taɓa sanin tana zaune a kan kowane noti na keken da yake hawa ba. Yaron rumfa yana riƙe da notin kullum, bai taɓa jin lambar ba. Unguwa ɗaya suke kwana, wani lokacin ma ɗaki ɗaya.

Akwai wani lissafin da nake so kowane oga ya nuna wa yaransa, domin daɗinsa kaɗai ya isa ya sa yaro ya so lissafi. Tsofaffin injinan Ingila da ke rumfunanmu, sandar da ke jan wuƙarsu ta inci ce, wasu haƙori takwas a inci, wato milimita 3.175 a juyi guda. Yaya za a yanka zaren milimita da ita? A cikin tarin giyoyin da ke rataye a bango akwai wata babba mai haƙori 127. Inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai, in ka ninka sau biyar ka samu 127. Ka haɗa giya mai haƙori 60 da ita, 3.175 sau 60 a raba da 127, sai ga 1.5 cif. Ogogi da yawa sun san a saka "babbar giyar nan", haka ubangidansu ya nuna musu. Amma ranar da aka kawo tazarar da ba su taɓa yi ba, sai a ce injin ba ya yi.

Na san abin da za a ce: mutanen nan sun shekara talatin suna aiki ba tare da biro ba, kuma injina suna tafiya. Gaskiya ne, kuma hannun da ya shekara talatin ya haddace amsoshin ko da bai san hanyarsu ba. Sai dai yaro ba shi da shekara talatin da zai ɓatar yana koyo da ƙarfen mutane. Kuma kasuwa tana sauyawa: masana'antar da za ta ba da aikin noti ɗari biyar takarda za ta miƙo mai zane da lambobi, ta ce kowanne ya shiga inda ɗan'uwansa ya shiga. Wanda ba ya karanta M16 × 2 ba zai samu wannan aiki ba, sai a yi odarsa daga Legas ko daga Sin. Ban manta ba cewa awo daidai ba ya mayar da rodin gini ya zama bolti mai lamba 8.8 a ka. Ingancin ƙarfe magana ce dabam, ita ma a faɗa wa mai kaya gaskiya.

Muna da hukumomin da aka kafa domin wannan. NBTE tana Kaduna tun 1977, gari ɗaya da Panteka. ITF, wadda aka kafa a 1971, tana Jos. Abin da nake roƙo bai kai girman taron bita a otal ba. A buga allo guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da kauri, tazara, bakin huda, lambar sifana da kaurin rodi daga M6 zuwa M24, a rufe shi da leda saboda baƙin mai, a raba ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a ya rataya a gefen kowane inji. Malaman lissafi na kwalejojin fasaha su riƙa zuwa rumfa da yamma, awa ɗaya a mako, su koyar a kan injin da kansa. Ogogi kuma, ku saya wa kowane yaro ma'aunin baniya da ɗan tsefen nan na gwada tazarar zare tun watan da ya zo, kuma kada ya kunna inji sai ya rubuta lambobinsa da alli a jikin teburi kun duba.